Kusbara Sai da Zagi

A garinmu kowa ya san ba a shuka kusbara, ganyen ƙamshin nan da ake barbaɗawa a romo, baki rufe. Sai ka murje irin da ƙasan takalmi, kana murzawa kana zagi, kana watsawa kana ɗura ashar, in ba haka ba ko tsinke ɗaya ba za ka gani ba. Haka muka taso muka tarar, kuma kowa ya yarda, ban da mutum ɗaya. Don rashin sa'a, mutumin nan shi ya haife ni.

Baba, wanda duk gari ke kira Malam Pang, shekara talatin da takwas ya yi yana koyar da lissafi a firamare, kuma babu wanda ya taɓa jin mummunar kalma a bakinsa. In ransa ya kai ƙarshen ɓaci sai ya ce, "Wannan rashin tsari ne." Shi ke nan, ya gama faɗa. Inna kuwa, matarsa, bakinta ko wuƙar mahauci albarka. Duk kaka, da an cire masara, za ta fito bayan gida da gwangwanin irinta da tsohon takalminta na yadi, ta durƙusa ta fara. Ta zagi iri, ta zagi ƙasa, ta zagi kajin maƙwabta da kakannin kajin. Tsofaffin unguwa har jingina suke yi da katanga su sha kallo. Shi kuma Baba ya naɗe jaridarsa ya tafi bakin kogi, ba ya dawowa sai ya tabbatar an tashi. Shekara arba'in da shida suna haka, kuma kusbararta ce ake jin ƙamshinta tun daga bakin ƙofa.

Ta rasu da bazara, alkama na kore. Tana ba kaji tsaba ta faɗi, ba ta ƙara tashi ba. Baba bai yi kuka ba, ko a wurin binnewa. Ya karɓi masu gaisuwa, ya gode wa kowa da sunansa, ya rubuta sunayen a littafi. Sai dai daga ranar cikinsa ya rufe. Da farko rabin kwano yake ci, daga baya ya koma cokali uku, sai ya dafe ciki ya ce abincin ya zauna masa kamar dutse. Ni ina da rumfar romon rago a kasuwa, gidan mijina yana tsallaken kwata, amma sau uku nake zuwa a rana da kwanuka a kwandon keke. Na yi taliya, na yi ƙwai, na yi kifi, na yi duk abin da na san yana so. In koma da yamma in tarar da su yadda na ajiye, an ma rufe su da faranti cikin ladabi.

Yayana Mancang ya zo daga birni ya ɗauke shi zuwa babban asibiti. Kwana uku ana zura masa abubuwa ta baki, ana ɗibar jini, ana ɗaukar hoto, aka ce ba a ga komai ba. Da ya dawo da shi sai ya tsaya a tsakar gida da makullin mota a hannu ya yanke hukunci, da yake shi ne ɗa namiji. Ya ce zai dawo ranar ɗaya ga watan goma, ranar da ake ƙona wa matattu tufafin takarda don kada sanyi ya kama su. In har ranar Baba bai koma cin abinci ba, to daga kabarin Inna sai mota. A kulle gida, a sayar da kaji, Baba ya koma wurinsa a dogon bene, hawa na goma sha tara. Na ce masa tsohon da ya saba taka ƙasa, ka rataye shi a sama tsakanin bango huɗu, ai ko wata uku ba zai yi ba. Ya ce a nan ma wata ukun zai yi? Babu abin da na tsana kamar Yaya ya fi ni gaskiya.

Washegari na ɗora Baba a bayan keke na kai shi wurin Likita Dou, mai maganin gargajiya a layin kasuwa. Ɗalibin Baba ne a da, ya sha bulalarsa a kan jadawalin sau bakwai, kuma har yau da furfurarsa in Baba ya shigo sai ya miƙe tsaye. Ya ɗora yatsu uku a jijiyar hannun dama, ya koma ta hagu, ya sa shi ya fito da harshe, ya daɗe yana kallo. Ya ce cikin bai lalace ba, sanyi ne ya kama shi ya yi barci, shi ya sa abinci ke zama ba ya narkewa, kamar ɗanyen ice a murhun da wutarsa ta mutu. Magani mai ƙarfi kuma jikin ba zai ɗauka ba. Ya ce a nemi kusbara ɗanya, har da saiwarta, a sa 'yar kaɗan a kunun gero da yankan citta, safe da yamma. Ita tana da ɗumi, tana tashin ciki daga barci, ta motsa abin da ya kwanta, ta fitar da iska, ta kira yunwa.

Ga bango guda cike da aljihunan magani sun fi ɗari biyu, amma ganyen da nake barbaɗa wa mutane kyauta a kan romo shi aka rubuta mana. Da muka fito Baba ya ce yaron nan tun yana aji uku ba ya son wahala.

Kullum kafin in buɗe rumfa sai in kai masa kunu da ƙullin kusbara, in ce ga shi nan, in wuce. Kwana bakwai babu canji, sai ma ƙara yamutsa fuska da yake yi. A na takwas na dawo da wuri na ji gidan na wari kamar an jiƙa tsumma an manta. Na leƙa madafa, sai ga Baba zaune gaban tukunyar ƙasa ta dafa magani, da agogo a hannu. Ashe duk kwanakin nan dafa ta yake yi yadda ake dafa kowane magani, kwano uku na ruwa har su ƙone su koma ɗaya. Abin da ke ciki ya yi baƙi ƙirin, shi yake toshe hanci ya shanye. Na ce Baba, wa ya aike ka? Ya ce ai magani ne, kuma maganin da bai daɗe a wuta ba, ba ya ɗaci, ba magani ba ne. Ban tsaya gardama ba, na sake ɗora shi a keke.

Likita Dou ya saurara, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Malam, a gafarce ni," in ji shi. "Ƙamshin nan ai shi ne maganin. Ka kora shi ta taga, ka zauna ka sha gawarsa. Sai an sauke tukunya ake watsa ta, a rufe, a ƙirga goma, a buɗe."

Baba ya ce da ya yi bayani tun farko da ba a kai ga haka ba, kuma wannan shi ne aibin da ya sha rubuta masa a takardar sakamako.

To, na ce yanzu kam an gama. Na rufe rumfa da wuri, na dama kunu da hannuna, na sauke, na watsa ganye, na ƙirga goma, na ajiye masa. Ya sunkuya ya shinshina, ya ture kwanon da ɗan yatsa. Ya ce wannan ba kusbara ba ce, ciyawar rumfar leda ce, an ɗura mata ruwa da taki ta yi tsawon banza. Ta gaske gajera ce, ƙafarta ja, tana kwanciya a ƙasa, irin ta uwar Mancang. Na ɗauki ƙullin na shinshina don in ƙaryata shi. Abin haushin, gaskiyarsa ce. Shekara da shekaru ina sayen abin nan ban lura ba, sai mutumin da ba ya cin abinci ne zai koya mini sana'ata.

Na koma wurin likita ni kaɗai, raina a ɓace. Ya tambaya ko Inna ta bar iri. Na ce akwai gwangwani guda, Baba ya kulle a akwatinsa tare da takardun fansho. Ya ce to ya shuka, da hannunsa, kada in taɓa. Na ce kusbara fa sai ta yi kwana arba'in, kafin nan mutumin ya zama tsinke. Ya ce sunkuyo da ɗaukar bokiti su ma suna motsa ciki, in ci gaba da ba shi ruwan kunu ko cokali biyar ne, in bar sauran. Na fito ina cewa a raina, lallai bulalar da ya sha ba ta isa ba.

Abin mamaki Baba bai ƙi ba. Ranar shuka ya fito da igiya da turaku da doguwar rularsa ta allo. Ya ja layi shida a filin Inna, miƙaƙƙu kamar na littafi. Na ce Baba, sai an murje irin. Kowace ƙwaya biyu ce a haɗe cikin ɓawo mai tauri, in ba a fasa ba ruwa ba ya shiga. Ga kuma zagin. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce iri ƙasa yake so da ruwa da rana, takalmi da ashar duk camfin jahilci ne, shekara arba'in da shida yana jin kunyarsu, ba zai fara da tsufansa ba. Ya bi layi yana ajiye ƙwaya ɗaya-ɗaya, tazarar yatsa biyu, shiru kamar ana jarrabawa. Tsofaffin unguwa da suka ji ana shuka a gidan sun zo sun jingina da katanga kamar yadda suka saba. Suka jira, suka jira, suka watse suna girgiza kai.

Kwana goma sha shida yana ba layukan nan ruwa. Ciyawa ta fito, wata 'yar masara da ta ɓace ta fito, kusbara ko gezau. Yaya kuwa duk Lahadi sai ya bugo waya ya ba ni labari, ya sayi gado, ya sa an kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, matarsa ta ɗinka labule. Ni kuma na ga Baba yana huda sabon rami a ɗamararsa da ƙusa, yana juya mini baya wai kada in gani. Na ƙirga a yatsu, saura kwana talatin da huɗu. Na girgiza gwangwani, saura rabi.

A nan haƙurina ya ƙare. Na shiga ɗaki na durƙusa na jawo takalmin Inna daga ƙarƙashin gado, wanda babu wanda ya taɓa tun bazara, na fito na jefa shi gaban Baba a bakin filin, na dangwarar da gwangwanin kusa da shi.

"Baba, zaɓi biyu ne. Ko ka murje irin nan ka zage shi yadda ake yi, ko ka tafi hawa na goma sha tara ka ƙare kwanakinka kana kallon rufin motoci. Ni na gaji."

Ya daɗe yana kallon takalmin. Diddigen ya cinye ta gefe ɗaya, yadda take taka shi. Can ya ce, a hankali, "Wa zan zaga, Sufen? Babu wanda ya yi mini laifi."

"Babu? To ni akwai wadda ta yi mini. Ta tafi ta bar ni da kai."

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Na juya na shige madafa na kama wanke tukunyar da na riga na wanke, ina jin kunya ina jin haushi, ban san wanne ya fi ba.

An ɗan jima sai na ji ƙurus, ƙurus, ƙarar iri a ƙarƙashin takalmi a kan dutse. Na tsaya cak. Sai muryarsa, can ƙasa, kamar mai gyara wa ɗalibi kuskure: "Marar tsari." Na ce a raina, wayyo, da wannan ko albasa ba za ta fito ba. Ƙurus, ƙurus. Sai ya ce, "Lanzhi."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya kira sunanta ba. Uwar Mancang yake cewa, ko ya yi gyaran murya ta gane da ita yake.

"Lanzhi, mai kunnen ƙashi. Sau nawa na ce ki sha maganin hawan jininki? Kika ce na kaji ne ya fi sauri. Ja'ira mai bakin tsiya. Na girme ki da shekara bakwai, ni ya kamata in riga ki, lissafi ne mai sauƙi, ko ɗan aji ɗaya ya san shi. Wa ya ba ki izinin tsallake layi? Shegiya 'yar banza, kin tafi ko sallama babu, ba ki faɗa mini inda kika ajiye safar sanyina ba, ba ki koya mini ko dama kunu ba, kin bar ni a gidan nan shiru kamar kabari, tsinanniya."

Daga nan abin ya ɓalle. Duk ashar ɗin da yake gudu zuwa bakin kogi don kada ya ji, ashe ya haddace su tsaf, yana jero su ɗaya bayan ɗaya, da irin muryar da ke kaiwa bencin baya. Na leƙa ta taga. Yana durƙushe, takalminta a hannu biyu, yana murzawa da duk ƙarfinsa, majina da hawaye sun haɗu a gemu. Ya tashi ya tsallake igiyoyinsa, ya dinga watsa irin ko ta ina, kamar yadda take yi. Tsofaffin unguwa sun dawo katanga, amma wannan karon babu mai dariya. Ɗaya ce kawai ta ce, don mai koyo dai ya yi ƙoƙari. Ni ma na yi kukana a kan tukunya, na share da gefen riga kafin ya shigo.

Ya shigo gumi sharkaf, gwiwoyin wandonsa duk laka, bai dube ni ba. Ya zauna ya ce ko akwai sauran kunun safe. Na ɗumama, na watsa masa ta kasuwar nan da ya kira ciyawa, na ƙirga goma. Ya sha rabin kwano, ya yi wata gyatsa da ta firgita kaji, ya ce a gafarce shi. Wata biyar ina soye-soye da dafe-dafe ana rufe mini da faranti, sai ragowar kunu ne ya ci sa'a. Na ji daɗi har cikin ƙashina, amma na rantse sai da na ji kamar in kifa masa kwanon.

A kwana na tara ƙasa ta yi kore, cunkus, babu ruwanta da layi. Kullum da safe yana can da bokiti yana ƙunƙuni, in na matso ya yi shiru. Da suka kai tsawon ɗan yatsa ya fara cire waɗanda suka matsu, ya wanke har saiwa, ya tsaya a kaina sai na sauke tukunya, shi zai watsa, shi zai ƙirga goman da ƙarfi, wai ni ina sauri. Rabin kwano ya zama kwano, aka ƙara ƙwai, aka ƙara burodin da aka turara. Likita Dou ya zo ya duba harshe ya ce farin ya fara washewa, Baba ya ce masa wannan karon ya ci rabin maki.

Ranar ɗaya ga watan goma Yaya ya iso da sassafe, da akwatuna biyu babu komai a ciki, don kwashe kayan Baba. Muka je kabari muka ƙona wa Inna riga da wando da bargon takarda. Baba ya ajiye mata ƙullin kusbara a kan dutsen kabarin, ya motsa baki, ban ji abin da ya ce ba, amma na ga kunnen Yaya ya yi ja. Da muka dawo na zuba taliya da romon rago. Baba ya cinye kwano, ya miƙo a ƙara, ya cinye na biyu yana ƙorafin gishiri ya yi yawa. Yaya na tsaye da makullin mota yana kallo. Baba ya goge baki ya tambaye shi, in ya tafi birni wa zai rufe filin da ƙaiƙayi kafin raɓa ta daskare, wa zai bar na iri su yi fure?

Yaya ya ce dama ya san ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba su a asibiti sai sun daɗe kafin su fara aiki. Ƙwayoyin da ke kan taga ko buɗe su ba a yi ba. Na buɗe baki, na tuna ina son ya tafi da akwatunansa yadda ya zo da su, na rufe. Ya tafi da yamma, da ƙullin kusbara uku a kujerar baya inda ya shimfiɗa wa Baba bargo.

Ina tattara kwanuka Baba ya kira ni ɗaki. Ya buɗe wani tsohon littafin aji, ya gyara tabarau. Na leƙa na ga jeri da lambobi, ɗaya zuwa ashirin da uku, da kyakkyawan rubutunsa na allo. Zage-zagen Inna ne, kowanne a layinsa. Ya ce yana shirin shukar baɗi ne, ba ya son a yi abu ba tsari. Lamba ta ashirin da huɗu babu komai a gabanta.

"Akwai wanda take yi wa akuyar gidan su Dou in ta tsallako katanga," in ji shi. "Na tuna farkonsa, ƙarshen ya ɓace mini."

Na ce haba Baba, yanzu ni zan tsaya gabanka in faɗi wannan? Ya riƙe alƙalami yana jira, kamar yadda yake jiran ɗalibi. Na ja numfashi na faɗa, tun daga akuyar har kakar mai akuyar. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, tata ce sak, har da yadda take jan ƙarshen.

Ya rubuta, ya sa aya. Na ga ya gama, babu harafin da ya rage. Bai ɗago ba, ya ce, "Sake faɗa."